Kankaren da Ƙarancin Siminti Ke Ƙara wa Ƙarfi

Kowane birkila ya san cewa wanda ya yi rowar siminti gininsa ba zai yi ƙarko ba. A cikin tanderun masana'anta kuwa lissafin juyewa yake yi. Tanderun gasa siminti irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina yana kai kayan da ke cikinsa zafin digiri 1,450, narkakken ƙarfe kuma yakan kai 1,600, shi ya sa ake lulluɓe cikinsu da bulo da kankare masu jure wuta. Tsohon samfurin wannan kankare yana cin siminti na musamman kashi 15 zuwa 30 cikin 100, ga shan ruwa. Da wuta ta kama, ruwan da ya ɗaure simintin sai ya tsere ya bar ƙofofi, ƙarfin ya ragu tun kafin zafi ya kai inda ƙwayoyin za su manne kamar tukunyar da ta gasu. Abin da ya fi muni, kalsiyam ɗin da ke cikin simintin yana haɗuwa da silika da alumina su zama wani abu mai saurin narkewa.

Maganin da ya ɓullo a Faransa a ƙarshen shekarun 1960 shi ne a rage simintin zuwa wajen kashi 4 zuwa 8, daga baya kuma aka riƙa cike gurbinsa da ƙurar silika, wadda ta fi siminti laushi nesa ba kusa ba. Ita ce ke shiga tsakanin tsakuwa ta toshe ramukan da ruwa kan zauna, wani ɗan sinadari kuma ya hana ƙwayoyin dunƙulewa, sai kwaɓin ya malala da ruwa kashi 4 zuwa 6 kacal. Bangon da aka zuba haka ya fi cika, ya fi jure gogar ƙura mai zafi, dattin narkakken ƙarfe ba ya samun ƙofar ratsa shi da sauƙi.

Masu ƙorafi suna cewa wannan sabon kankare yana da tsada kuma yana da tsirfa, gaskiyarsu ne. Ba a kwaɓa shi da shebur. Sai da inji mai ƙarfi, da ruwa a ma'auni, domin lebura ɗaya da ya ƙara bokiti don aiki ya yi sauƙi ya rushe amfanin duka. Cikar tasa ma tana da haɗari: idan aka gaggauta hura wuta, tururi ya rasa mafita, bangon na iya tarwatsewa. Amma an san maganin wannan, wato a ɗaga zafi sannu a hankali, a kuma zuba siraran zaren roba da ke narkewa wajen digiri 160 su buɗe wa tururi hanya. Batun tsada kuwa, a ganina kuskure ne a auna shi da farashin buhu. Tanderun da aka kashe don gyara yana cin kwanaki kafin ya huce, a gyara, a sake zafafa shi, kuma a duk kwanakin nan masana'anta albashi take biya ba tare da ta gasa ko tan ɗaya ba.