Gidajen Motsa Jiki: Shiga Da Sauƙi, Fita Da Ƙyar

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce. A wannan zamani sa hannu ya fi magana wuyar mayarwa, kuma hakan ya fito fili a yarjejeniyar gidajen motsa jiki, waɗanda ma'aikata ke zuwa a Abuja da Kano da Kaduna domin gudun hawan jini da ciwon sukari. Rajista ba ta cin minti biyar, amma ranar da mutum ya nemi fita, ranar ce zai san abin da ya sa wa hannu.

Dalilin tsananta sharuɗɗan fita ba ɓoyayye ba ne: akwai riba mai yawa a wurin wanda ke biya amma ba ya zuwa. A 2006 masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa bincike kan wasu gidajen motsa jiki uku a Amurka. Sun gano cewa masu biyan sama da dala 70 a wata suna zuwa kamar sau huɗu ne kacal, wato kowane zuwa ya haura dala 17, alhali mai sayen tikitin zuwa goma dala 10 yake biya a kowane zuwa.

A Ingila sai da maganar ta kai gaban alƙali. A 2011 hukumar kare masu sayayya ta wancan lokaci ta yi nasara a Babbar Kotu kan kamfanin Ashbourne, mai karɓar kuɗi a madadin ɗaruruwan gidajen motsa jiki. Yarjejeniyoyinsa suna ɗaure mutum shekara ɗaya zuwa uku. Wanda ya daina biya a nemi ragowar kuɗin wa'adin, a kuma yi masa barazanar ɓata sunansa a wurin masu ba da bashi. Mai shari'a Kitchin ya yanke cewa ɗaurin shekara biyu ko uku rashin adalci ne, domin an gina shi ne kan yadda mutane ke zaton za su riƙa zuwa fiye da yadda suke yi.

A mahangar nazarin harshe, tarkon yana cikin tsarin rubutun. Talla takan zo da gajerun jimloli da manyan haruffa. Sharaɗin fita kuwa doguwar jimla ce da ƙananan haruffa, mai tura mai karatu zuwa wani sakin layi. Kalmomi irin su "mafi ƙarancin wa'adi" da "sabuntawa kai tsaye" kowa ya san ma'anarsu, amma ba kowa ke hango nauyin da suke ɗora wa aljihu ba. A wurinmu abin ya ninka, tunda da Turancin lauyoyi ake rubuta su.

Jamus ta nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. Tun 2022 yarjejeniyar da ta sabunta kanta ana iya soke ta da sanarwar wata ɗaya, kuma inda ake ƙulla ta ta intanet dole a samar da maɓallin sokewa. A Najeriya ma, dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma haramta sharuɗɗan zalunci.

Sai dai tun ran gini ran zane. Kafin mai karatu ya ɗauki biro, ya nemi amsar tambayoyi uku a rubuce: wata nawa aka ɗaure ni? Ta wace hanya zan fita? Idan rashin lafiya ko canjin wurin aiki ya same ni, me zan biya? Gidan da ya yi nauyin baki wajen amsawa, ya riga ya ba da amsa.