Mando Ba Rumbun Wuta Ba Ce

Duk sanda aka ɗauke wuta a Unguwar Kanawa da ke Kaduna, sai ka ji wani a majalisa ya ce: "Ga Mando nan a bayanmu, amma mu ne cikin duhu. Wutar tana nan, hana mu ake yi." Na ji wannan magana daga bakin telan da kekensa ya tsaya ana jibi salla, na ji ta wajen mai niƙa, kwanan baya kuma wani dattijo da nake ganin girmansa ya maimaita mini ita. Ban musa masa a gaban jama'a ba. Amma Baba, Allah ya ƙara girma, a nan ina da ja.

Tashar Mando ba ta samar da wutar da za ta kunna ko ƙwai ɗaya. Aikinta ta karɓi abin da aka turo mata ta manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330, ta rage ƙarfinsa zuwa 132 da 33, ta miƙa wa Kaduna, wani kuma ya zarce Zariya da Kano. Ba ta da inda za ta adana. Wutar babban layi a take ake samar da ita, a take ake shanye ta, kamar ruwan kwata da ba ya tsayawa.

Shi ya sa ma'aikatan cibiyar kula da layin ƙasa da ke Osogbo ba sa ɗauke ido dare da rana daga lamba guda, wato bugun wutar, wanda dole ya zauna a kan 50 cikin daƙiƙa. Idan masu ja suka fi abin da injina ke bayarwa, bugun zai faɗi, injina su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa duka ta mutu. Kafin a kai nan sai a umarci a sauke wasu layuka. Sau da yawa duhun da muke ɗauka mugunta ce, wannan sauke nauyin ne.

A duba kuma abin da ake rabawa. Mutane fiye da miliyan 200, amma yawancin ranaku wutar ƙasar tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Kason kamfanin rarrabawa na Kaduna Electric wajen kashi 8 ne cikin ɗari, shi za a yayyanka wa Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Kwanon tuwo ɗaya ne a gidan mutum talatin.

Wanda ya manta, ya tuna Oktoban 2024. An riga an lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, a dajin da ma'aikata ba sa iya shiga sai da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga. Aka koma turo wa Arewa wuta ta doguwar hanya, daga Ugwuaji a Inugu zuwa Apir a Binuwai. Ranar 21 ga wata wannan layin ma ya samu matsala. Fiye da mako guda muna cikin duhu, ƙanƙara ta zama zinariya, masu cajin waya suka cika maƙil. Mando tana nan inda take, taransifomominta lafiya lau, amma ba abin da za ta ba mu. Ashe kusancinmu da ita bai tsinana mana komai ba, tunda bakin zaren yana Shiroro da Kainji da tashoshin iskar gas na Kudu.

Ban ce babu mai laifi ba, Baba. Wanda aka kawo wa takardar kuɗin wutar da bai sha ba, ko unguwar da ta yi karo-karo ta gyara taransifoma, suna da gaskiyar yin fushi, kuma ina tare da su. Damuwata kada a bar jaki ana dukan taiki. Har yau "NEPA" muke cewa, alhali tun 2013 aka raba aikin: masu samarwa daban, TCN mai manyan layuka da tashar Mando daban, mai kawowa ƙofar gida daban. Matashin ma'aikacin wuta da ya zo layinmu da tsani ba shi ya tsara yankin Arewa ya rataya a kan layuka ƙalilan ba.

Idan 'yan majalisarmu suka zo neman ƙuri'a, ni tambayar da zan yi musu ita ce: yaushe za a ƙara wa Mando wata hanyar samun wuta, kuma wa ke gadin turakun da ke dajin Shiroro? Kamfanin rarrabawa kuwa ya ba kowane gida mita, ya liƙa mana jadawali, tela ya san ƙarfe nawa zai zauna kan keke.