Mai Jego, Kada Ki Raina Haki

Yau hirarmu ta shafi zuciyar mai jego ne, ke uwargida, da ke 'yar makaranta mai taya Inna aiki.

Akwai lokacin da zuciya kan gaji har ta kasa tura jini. Sai ki ga hannu da ƙafa sun yi sanyi, gumi na karyowa, fitsari ya ɗauke, hankali ya soma gushewa. A manyan asibitoci akwai na'urar da ake kira ECMO, wadda takan janye jini ta jijiyar cinya, ta sa masa iska mai kyau, ta mayar da shi jiki, don zuciya da huhu su ɗan huta. Ba magani ba ce, aron lokaci ne kawai. A 2023 likitocin Jamus sun bayyana gwajin da aka yi a kan mutum 420 waɗanda zuciyarsu ta durƙushe bayan jijiyarta ta toshe. Cikin kwana 30 kusan rabi suka rasu, da waɗanda aka sa wa na'urar da waɗanda ba a sa wa ba.

To mu nan gida fa? Ciwon da ya fi taɓa mu shi ne gajiyar zuciya bayan haihuwa. A 1978 Davidson da Parry suka ba da bayanin mata 224 da suka duba a Zariya, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai kama waɗannan al'adu da laifi ba. Ya fi nuna rama da hawan jinin masu ciki. Ni dai duk da haka ba zan cika wa mai kumburi kanwa a kunu ba, domin gishiri ce, takan tara ruwa a jiki.

Ciwon yakan yi sallama kafin ya kai ga sanyin hannu. Idan kina haki daga ɗaki zuwa madafa, ƙafa ta kumbura, tari ya hana ki barci, ko ba kya iya kwanciya sai kin jingina, kada a ce miki jego ne, kada kuma a jira arba'in. Ke da ke Kakuri ko Makera ko Barnawa, asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard suna kusa da ke. A gwada jininki, a saurari ƙirjinki, ki kuma tambayi likita ko za a yi miki hoton zuciya.