Shin Ko Kun San? Ciwon Kan da Ba Ya Saɓa Lokaci

Shin ko kun san akwai ciwon kan da idan ya ta da mutum daga barci da ƙarfe biyun daren yau, gobe ma da wuya ya wuce wannan lokacin? Haka zai yi ta zuwa a jere, makonni ko watanni, sannan ya ɗauke ƙafa, wani lokaci har shekara guda. Kusan mutum 1 cikin 1,000 ke fama da shi, maza sun fi mata yawa, kuma yakan fara ne tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Ɓari ɗaya yake kamawa, cikin ido da kewayensa. Yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, kuma yana iya tasowa har sau 8 a rana. Masu shi kan ce ji suke kamar an cusa musu ƙarfe mai zafi a ido. Mai ciwon ɓarin kai da muka sani ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta lamo. Mai wannan ciwon kuwa zama ma gagararsa yake yi, sai kai da kawowa, wani har ya riƙa buga kansa da bango.

Shin ko kun san idon ba shi da laifi? A 1939 likita Bayard Horton na asibitin Mayo a Amurka ya ɗora alhakin a kan sinadarin histamin, kuma an daɗe ana zargin buɗewar jijiyoyin jini. A 1998 ne Arne May da Peter Goadsby da abokan aikinsu a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya daidai lokacin da ciwon ya taso, suka ga wani ɗan sashe can ƙasanta, hayifotalamos, ya kama aiki gadan-gadan. A wannan sashe agogon jiki yake, mai tsara barci da farkawa. Ana ganin nan ne asirin cika alkawarin ciwon. An ma gano cewa melatonin, sinadarin da jiki ke saki da dare, yana raguwa a jikin masu shi.

Raɗaɗin kansa kuwa aikin jijiya ta biyar ce daga cikin jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓari. Reshenta na sama ne ke ɗauko saƙon ciwo daga ido da goshi. Idan ta harzuƙa sai ta saki sinadarin CGRP, ta kuma tsokano jijiyoyin da ke kula da hawaye da majina ta wani ƙulli da ke bayan hanci. Shi ya sa ido ɗaya ke yin jajir yana zubar da hawaye, hancin ɓarin ya toshe, fatar idon ta sauko. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda waɗannan alamu ke ɓatar da sawu: a yi ta ba mutum maganin mura, wani har a cire masa lafiyayyen haƙori, a kwashe shekaru ba a gano ainihin cutar ba.

Giya na tayar da shi, amma sai a cikin lokacinsa. Da yawa daga masu shi sun sha taba sigari, kuma yakan bi jini a wasu gidaje.

Shin ko kun san iskar oksijin zalla tana kashe shi? A wani gwaji da aka wallafa a 2009, lita 12 a kowane minti ta kawar da raɗaɗin cikin minti 15 a kashi 78 cikin ɗari na tasowar ciwon, alhali iskar da muke shaƙa kullum kashi 20 kawai ta yi. Allurar sumatriptan ma tana aiki da sauri, likitoci kuma kan ba da verapamil don rage yawan zuwansa. Ƙwayar farasitamol kuwa ba ta iya masa komai.