Kwana Biyu a Haɗejiya

Wanda ya sami kwana biyu kaɗai a Haɗejiya, ta Jihar Jigawa, sai ya bi ruwa, gama kogin ne ya ke ciyad da garin. Lokacin da ya fi kyau shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ku guji Agusta da Satumba, saboda ambaliya irin ta 2020 da 2022.

Ranar fari ku fara da ƙofar fada. A garin nan ne Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906, aka kashe shi a yaƙi, har yau kuwa ana kiransa Mai Shahada. Daga nan sai kasuwar kifi, inda za ku ga tarwaɗa da ƙarfasa, ɗanye da banda, ana lodi zuwa garuruwa masu nisa.

Kashegari ku yi sammako zuwa fadamar Baturiya, wajen Kiri Kasamma, wadda aka sa cikin wuraren dausayi masu daraja na duniya a 2008. Agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa su kan taso daga arewacin Turai, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a nan. A nuna wa yara, a gaya musu nisan tafiyar.

Ku lura kuma da yadda fadama ɗaya ke riƙe da mutum uku. Manomi ya girbe shinkafa, masunci ya kama kifi, in ruwa ya janye Bafillace ya kawo shanu.

Amma fadamar ba kamar dā ta ke ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ba ya malala yadda ya saba. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, jan-baki kuma na fakewa cikinta suna cinye hatsi. Ku tambayi dattawa, za su nuna muku inda gonakinsu su ke a dā.

Ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku roƙi izini kafin ɗaukar hoto. Kada yara su yi wanka a kududdufi, saboda tsargiya. In za ku koma gida, ku sayi banda a hannun masunta, ku kai tsaraba.