Kwamediyan, ɗan kama ko wawan sarki: Abin da ya kamata ku sani kan sunayen masu ban dariya

A majalisun matasa, daga Paki zuwa Tashar Yari har Hunkuyi a ƙasar Zazzau, duk wanda ya iya sa jama'a dariya yanzu sunansa ɗaya ne: kwamediyan. Kalmar ta shigo ta fina-finai da wayar hannu, ta danne sunaye da dama da Hausa ke da su. Alhali ko Turancin da aka aro ta daga gare shi bai yi wa masu ban dariya kuɗin goro ba. Kowanne da sunansa, kuma wani sunan yabo ne, wani zagi.

Masu cin abinci da ban dariya

"Comedian" shi ne wanda ya riƙi ban dariya sana'a, wato ɗan wasan barkwanci. Irin su ne Kasimu Yero, ɗan Zariya mai shirin Karambana, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja, da ya rasu a 2023, da Rabilu Musa Ɗan Ibro da ya rasu a 2014.

Tun kafin rediyo da talabijin akwai 'yan kama. Suna bin kasuwanni da gidajen biki, su kwaikwayi zaman malami da muryarsa, amma idan ka kasa kunne sai ka ji karatun duk na tuwo ne da nama da fura. Turawa na kiran mai kwaikwayon murya da motsin wani "mimic", sai dai wannan rabin aikin ɗan kama ne kawai, domin shi yana haɗawa da waƙa. Wani Bature, C. G. B. Gidley, ya yi rubutu a kan kamanci tun 1967. Akwai kuma 'yan gambara, masu kiɗa da zambo da habaici, waɗanda bakinsu ba shi da linzami.

Na fada

"Jester" shi ne wawan sarki. Sunan wawa kawai gare shi, amma a fada shi ne mai iya faɗa wa sarki abin da fadawa ke tsoron furtawa, ya naɗe shi cikin raha, a yi dariya, saƙo ya isa. Sarakunan Ingila ma sun ajiye irinsu. Sarki Henry na 8 yana da nasa mai suna Will Sommers a ƙarni na 16.

Sunayen da ke iya zama zagi

"Clown" asalinsa ɗan wasa ne mai shafa fenti a fuska, da jan hanci da manyan takalma. Mafi kusa da shi a wajenmu su ne yaran tashe da azumi, masu gemun auduga da tumbin tsumma. Amma in ka kira magidanci da wannan suna, to ka ce masa sakarai ke nan. "Buffoon" ya fi muni, domin shi dolo ne da ake yi wa dariya ba da saninsa ba. "Joker", wanda 'yan karta suka sani da joka, fuska biyu gare shi: yana nufin mai yawan raha, yana kuma nufin wanda ba a ɗaukar maganarsa da nauyi.

"Prankster" shi ne mai tsokana, wanda zai ɓoye maka takalmi a ƙofar zaure ya koma gefe yana kallo. "Trickster" kuwa mai wayo ne da dabara, irin Gizo na tatsuniya. Mafi daraja a cikinsu shi ne "wit", mai azancin magana, wanda zai jefa kalma ɗaya a majalisa, sai an tashi ake gane zurfinta.

Wanda Turanci ba shi da sunansa

Akwai mai ban dariyar da Turanci ba shi da kalma guda ta kiransa: abokin wasa. Shi ba sana'a yake yi ba, gado ne. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna yi. Jika da kaka suna yi. Haka Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa. Ikara da Maƙarfi da Kudan suna ƙasar Zazzau ne, dab da ƙasar Kano, don haka wasan Zagezagi da Kanawa abin yau da kullum ne a wajen cinikin rake da mazarƙwaila da tumatir. Bakano zai yi wa Bazazzage ba'ar da, in da wani ne ya yi ta, sai an kai ga mai unguwa, amma a ƙare da dariya, a kuma yi ciniki. Hukumar UNESCO ta saka irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2014.

Don haka ɗalibi mai shirin jarrabawa da mai fassara su kula: kafin ku zaɓi kalma, ku duba ko mutumin sana'a yake yi, ko hali ne, ko gado. Idan kuma da Hausa kuke magana, ku kira ɗan kama ɗan kama, ku kira taubashi taubashi, domin yaran da ke saurarenku su tashi da sunayen a bakinsu.