Idan Dikoda Ta Ƙi Ganin Faifan Ajiya

Dikodojin tauraron ɗan Adam da yawa, da talabijin na zamani, suna da ramin USB inda ake jona faifan ajiya na waje, wanda masu gyara ke kira had-dis, domin a naɗi wasan ƙwallo ko tafsirin azumi a kalla daga baya. Sai dai sau tari a jona shi, allo ya nuna babu komai. Nan take mai gida zai yanke hukunci cewa faifan ya mutu ko dikodar jabu ce, ya kama hanyar kasuwa. A ganina wannan gaggawa ce mai cin kuɗi, domin galibi na'urorin biyu lafiyarsu ƙalau. Abin da ya hana su jituwa ƙarancin wuta ne ko bambancin tsarin rubutu.

Wutar ya kamata a fara dubawa, don ita aka fi mantawa. Ramin USB 2.0, irin wanda ke jikin yawancin dikodoji, ƙa'idarsa ya ba da miliamfa 500 a kan bolt 5, shi kuwa USB 3.0 yana kaiwa 900. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 ba shi da wayar wuta tasa, daga ramin yake sha, ga shi a cikinsa akwai faranti da wani ɗan inji, wato mota, ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya. Lokacin tashi ne motar ta fi jan wuta, kuma takan nemi fiye da abin da ramin zai iya bayarwa. Alamar a fili take: fitilar faifan ta kama, a ji ƙyas-ƙyas, sai ya yi tsit. Wani zai ce ai ya sa fulash a wannan ramin ya yi aiki, to ramin ba shi da laifi. Gaskiya ne ramin bai lalace ba, amma fulash ba shi da mota, ɗan abin da yake sha bai taka kara ya karya ba. Magani shi ne gajeriyar waya mai kauri, ko waya mai kai biyu da ke jan wuta daga ramuka biyu, ko babban faifai mai inci 3.5 da ke zuwa da adaftarsa ta bolt 12.

In wuta ta wadata amma har yanzu shiru, sai a koma ga tsarin da aka jera bayanai a faifan. Kwamfuta mai Windows tana aiki da NTFS, sababbin faifai da yawa suna fitowa da shi ko da exFAT, alhali tsofaffin dikodoji FAT32 kaɗai suka sani. Kamar a miƙa wasiƙar ajami ce ga wanda boko kawai ya karanta. Nan ne amsar masu cewa tunda kwamfuta ta buɗe faifan, dole dikodar ce ta lalace: kwamfuta ta san tsaruka da dama, dikoda an koya mata ɗaya ko biyu. Shi ma FAT32 yana da iyakarsa, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, shi ya sa wasu dikodoji ke yayyanka dogon shiri gida-gida. Girma ma yakan zama cikas. Tsohon tsarin raba faifai, MBR, ya tsaya a terabait 2, wanda ya wuce haka da sabon tsarin GPT yake zuwa, kuma na'urori da yawa ba sa gane shi. Sayen faifai mafi girma a shago ba dabara ba ce sai an duba littafin dikodar.

Shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a bar dikodar ta yi wa faifan fomatin da kanta. Tana aiki ƙwarai, amma ina ganin rashin adalci ne a faɗe ta ba tare da gargaɗi ba, domin fomatin yana share duk abin da ke ciki, har hotunan biki da takardun makaranta. A fara kwashe su zuwa kwamfuta. Bayan haka, talabijin na manyan kamfanoni irin su Samsung da Sony suna kulle abin da suka naɗa, ba ya buɗuwa sai a kan wannan akwatin da ya naɗe shi. Don haka faifan naɗi a ware masa aikinsa shi kaɗai.

Ba na musun cewa faifai yana mutuwa. Idan ya samu isasshiyar wuta, aka canza waya, kwamfuta biyu suka kasa ganinsa, to matsalar a cikinsa take. Amma ko a nan a bambance: ɗaukewar wuta ana tsakiyar naɗi, abin da gidajen Najeriya da Nijar suka saba da shi, takan dagula tsarin rubutun ne kawai ba tare da taɓa farantin ba. Irin wannan, binciken kurakurai da ke cikin Windows kan gyara shi, kuma ƙaramin UPS, wato na'urar ajiyar wuta, a bayan dikoda yana hana faruwarsa.